Kwana goma a kan sirdi: abin da bidiyon masu ratsa Siri Lanka a keke ba ya nuna maka

Ƙila kai ma ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan kana cikin latse-latsen waya da daddare. Mutum takwas ko goma, kowa da hular kwano da baƙin tabarau, suna gangarowa a kan kekuna ta tsakiyar gonakin shayi kore shar, hazo na tashi a bayansu, an ɗora wani kiɗa mai sanyi. Daƙiƙa talatin bidiyon ya ƙare. Ka danna masa laik, ka shiga kwament ka rubuta "Allah Ka ba mu mu ma", ka wuce.

To yau ɗan dakata mu buɗe cikin bidiyon. Abin da ka gani wani nau'in hutu ne da ake sayarwa a duniya: kamfani ya tsara hanya, ya ba ka keke, ya haɗa ka da jagora da bakanike da motar rakiya, kai kuma ka kawo ƙafafuwanka da kuɗinka, ku ratsa tsibiri guda daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Eh, ka karanta daidai. Mutane na biyan dubban daloli don a bar su su tuƙa keke kwana da kwanaki cikin rana. Keken nan dai da in ka hau shi zuwa wajen aiki wasu abokai za su tambaye ka ko lafiya, ina mashin ɗinka.

Akwai tsibirai da dama da ake irin wannan tafiya. Mu ɗauki ɗaya da ya yi suna a kai, wato Siri Lanka.

Wane irin wuri ne?

Siri Lanka na cikin Tekun Indiya, dab da ƙarshen kudancin ƙasar Indiya. Faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 65,610 ne, ka ga bai ma kai jihar Neja girma ba. Tsawonta daga arewa zuwa kudu wajen kilomita 430 ne, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Mutanenta sun kai miliyan 22. Mafi yawansu 'yan ƙabilar Sinhala ne mabiya addinin Buda, sai Tamil waɗanda galibinsu 'yan Hindu ne, sai Musulmi da suka kai kusan kashi 10 cikin 100, sai Kiristoci. Ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1948, kuma har 1972 sunanta Ceylon. In ka taɓa ganin wannan sunan a jikin kwalin ganyen shayi a teburin mai shayin unguwarku, to daga can ya fito.

Abin da ya sa masu keke ke son tsibirin shi ne komai a kusa yake. Gefe-gefensa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai zafi, tsakiyarsa kuma duwatsu ne masu sanyi. Cikin mako guda sai ka bi ta dajin kwakwa, ka ratsa gonakin shinkafa, ka hau inda sai da rigar sanyi, ka sake gangarowa bakin teku.

Kowane kamfani da tsarin hanyarsa, amma yawanci tafiyar kan ɗauki kwana goma zuwa sha huɗu, ana tuƙa kilomita 50 zuwa 100 a rana, da ranar hutu ɗaya ko biyu a tsakiya. Ka ɗauka kana cikin ayarin, mu bi sananniyar hanya.

Kwanakin farko: zafi ne malaminka

Galibi daga Negombo ake tashi, garin masunta da ke kusa da babban filin jirgin saman ƙasar. Ranar farko ba a nisa. Bakanike zai auna maka tsayin sirdi, ka gwada birki da giya, jagora ya karanta muku dokoki. Ta farko: a nan hannun hagu ake tuƙi. Kai da ka saba da hannun dama, a shataletalen farko za ka ji kanka ya juya. Ta biyu: in ka ji hon ɗin babbar bas a bayanka, ka matsa gefe, babu gardama. Direbobin bas na can ba su san wani abu wai shi jira ba. Ga kuma 'yan adaidaita sahu, waɗanda su suke kira tuktuk, ko'ina kamar a Kano.

Da sassafe ake fita, don kafin sha ɗaya rana ta buɗe. Za ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, wane zafi za a nuna maka? Zafin namu busasshe ne, gumi na fita iska ta ɗauke. Na can jiƙaƙƙe ne, gumin zai zauna a jikinka ya ƙi bushewa, riga ta manne, numfashi ya yi nauyi. Shi ya sa ba a jiran ƙishirwa kafin a sha ruwa, kuma ruwan kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da ɗan gishiri da abin da zai mayar da ƙarfi. A bakin hanya za ka riƙa ganin wata kwakwa mai launin ruwan lemo da suke kira tambili. Mai sayarwa zai sare kanta da adda ya miƙo maka. Wanda ya sha ta bayan kilomita 40 ba ya mantawa.

Daga nan hanya ta nufi arewa maso gabas, yankin tsofaffin masarautu. A Dambulla akwai wurin ibadar 'yan Buda a cikin koguna biyar. A Sigiriya akwai wani dutse da ya miƙe sama kusan mita 180, wanda sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa a ƙarni na 5. Matakalarsa ta kai 1,200, kuma bayan wunin feda za ka hau ta. A Polonnaruwa za ka tuƙa a gefen wani ƙaton tafki da sarki Parakramabahu ya sa aka yi a ƙarni na 12 don noman shinkafa, har gobe manoma na amfani da ruwansa.

A wannan yankin ne kuma jagora zai daina wasa da dariya in ya hango giwa a bakin titi. Ba a tsayawa ɗaukar selfi, ba a miƙa mata ayaba. A 2023 kaɗai rikicin giwaye da mutane a ƙasar ya ci ran mutum sama da 150 da giwa sama da 400. Manomin da ka wuce yana ɗaga maka hannu, wata ƙila a kan bishiya ya kwana yana gadin gonarsa.

Ranar da ake raba yaro da babba

Bayan kwana huɗu ko biyar za ku iso Kandi, ta hanyar Matale mai lambunan kayan ƙamshi. Kandi ce masarauta ta ƙarshe da ta faɗa hannun Turawan Birtaniya, a 1815, kuma a nan babban wurin ibadar da mabiya Buda ke cewa an ajiye haƙorinsa yake. Yawanci a nan ake hutawa, a wanke kaya, a miƙe ƙafa. Ka huta da kyau, don gobe akwai magana.

Kandi na kan tsayin mita 500 daga matakin teku. Nuwara Eliya, inda za ku kwana gobe, na kan mita 1,868. Jos ɗin da muke kuka da sanyinta wajen mita 1,200 take. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 80 ba, amma mafi yawansa hawa ne, kwana bayan kwana, ka sha wannan ka hango wata a samanka. Hangen Dala ba shiga birni ba.

A nan gudu ba ya aiki. Wanda ya fara da ƙarfi don a gan shi a gaba, shi za a tarar a zaune a bakin kwalbati jijiyar cinya ta ɗaure. Dabarar ita ce ka sa giya mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa ba tare da ka danne feda da dukkan ƙarfinka ba, ka riƙa jefa wani abu a baki duk bayan awa guda ko ba ka jin yunwa. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma in jiki ya ƙi, motar rakiya na baya, a ɗora kekenka ka shiga. Ba abin kunya ba ne, don haka aka biya ta. Sai dai wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyo.

Da kuka isa sama iska za ta sauya. Nuwara Eliya gari ne da Turawan mulkin mallaka suka gina wa kansu don gudun zafi, har ana yi masa laƙabi da Ƙaramar Ingila. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Kai da ka kwana da fanka shekaranjiya, yau bargo biyu kake nema.

Matan da ke cikin hoton

Gonakin shayin nan da suka fi komai kyau a bidiyo suna da tarihi. Da can kofi ake nomawa a duwatsun, sai wata cuta ta cinye shi a shekarun 1870. Wani ɗan Sikotlan mai suna James Taylor ya riga ya fara gwada shayi a 1867, sai kowa ya koma kansa. Masu aikin kuwa Turawa sun kwaso su ne daga kudancin Indiya, Tamil ne talakawa. Da ƙasar ta samu 'yanci a 1948 aka yi dokar da ta bar yawancinsu ba su da ƙasa, kuma sai a 2003 aka kammala ba ragowarsu takardar zama 'yan ƙasa. Har yanzu da yawansu na zaune a jerin ɗakunan da aka gina tun zamanin Turawa, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu.

Matar da za ka gani da buhu rataye a ka tana tsinkar ganye, ana so ta tara wajen kilo 18 zuwa 20 a rana. Sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin a 2021 a mayar da ladan yini rupi 1,000, kuɗin da a lokacin bai wuce dala biyar ba. Wanda ya wuce a mota mai gilashi a rufe, kore kawai zai gani. Kai da kake tafiya a hankali kana haki, za ka ga ƙafarta, ka ga ɗakin da ta fito, ka ga yaranta na tafiya makaranta cikin fararen kaya. Wannan shi ne ainihin abin da keke ke ba ka wanda mota ba ta bayarwa. Saboda haka kafin ka ɗaga waya ka ɗauke ta hoto, ka yi mata sallama, ka nemi izini. In ta ƙi, ka mayar da wayarka aljihu.

Gangara ta fi hawa haɗari

Daga Nuwara Eliya hanya ta gangara zuwa Ella, garin da 'yan Instagram suka mayar nasu. A nan gadar jirgin ƙasa mai baka tara take, wadda aka gina da dutse da bulo shekara sama da 100 da suka wuce. Za ka ga masu leƙowa daga ƙofar jirgi suna lilo don a ɗauke su. An sha samun waɗanda suka faɗo ko suka bugu da bangon rami a irin wannan. Babu laik ɗin da ya kai ranka.

Daga Ella zuwa Wellawaya kusan kilomita 27 ne na gangara zalla. Nan ne daɗin yake, nan ne kuma aka fi jin ciwo. Keke na iya wuce kilomita 50 a awa ba ka taɓa feda ba. Ana kama birki biyun tare, kaɗan-kaɗan, kafin a shiga kwana ba a cikinta ba. Ana barin tazara tsakaninka da na gabanka. Kare na iya tsallakowa, biri na iya tsallakowa, bas na iya cinye rabin hannunka. Waya kuma tana aljihu. Bidiyon da ka gani, ko dai kyamarar a ɗaure take a jikin keke, ko wani ne a mota ya ɗauka.

Daga nan sai filin ƙasa, a bi ta kusa da gandun dajin Udawalawe mai giwaye, a fito bakin teku ta kudu, a ƙare a Galle, inda 'yan Fotugal suka fara gina ganuwa a 1588, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta. A wannan gaɓar za ka riƙa ganin kaburbura da allunan tunawa. Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar tsunami ta kashe mutum sama da 30,000 a ƙasar. A Peraliya, arewa da Galle, ta kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja, sama da mutum 1,000 suka rasu.

Su ma sun ga layin mai

Kada kyan wurin ya sa ka ɗauka mutanensa a aljanna suke. Sun yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. A Afrilun 2019 an kai hare-haren bam a coci-coci da otal-otal ranar Ista, mutum sama da 250 suka mutu. Sai korona. Baƙin da suka kai miliyan 2.3 a 2018 suka koma ƙasa da 200,000 a 2021. A 2022 kuɗin waje ya ƙare wa gwamnati, ta kasa biyan bashi, mutane suka riƙa kwana a layin mai, aka rufe makarantu, har masu zanga-zanga suka shiga fadar shugaban ƙasa Gotabaya Rajapaksa a watan Yuli, ya tsere daga ƙasar.

Ka san abin da ma'aikata da yawa a Kolombo suka koma hawa a lokacin? Keke. Kamar dai yadda aka gani a garuruwanmu bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da mutane suka kakkaɓe tsofaffin kekunan da suka jingine. Ka ga a titi ɗaya za a iya samun mutum biyu a kan keke, ɗaya dole ta sa shi, ɗaya kuma ya biya daloli. Jagoranku da direban motar rakiya da mai kwakwar bakin hanya, duk da wannan sana'ar suke ciyar da gida. In ka je, kada ka yi ƙoron ɗan abin hasafi a ƙarshen tafiya.

Sallah, abinci da ladabi

Musulmi ba baƙo ba ne a tsibirin. Larabawa 'yan kasuwa sun san shi tun da daɗewa da sunan Sarandib. Ibn Batuta ya je a 1344, ya hau dutsen da ake kira Dutsen Adamu mai tsayin mita 2,243, inda akwai wani sawu da wasu Musulmi suka daɗe suna danganta shi da Annabi Adamu, mabiya Buda da 'yan Hindu su ma kowa da nasa bayanin. Shi dai wannan matafiyin ne bayan shekara tara ya iso Takedda a Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa.

Yawancin garuruwan da ke kan hanyar suna da masallaci da gidan abincin Musulmi. Akurana, dab da Kandi, gari ne da Musulmi suka fi yawa. Ka gaya wa kamfani tun kafin ka biya cewa kana buƙatar abincin halal da lokacin sallah, kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Abincinsu shinkafa ce da miya kala-kala mai kwakwa da yaji, da kifi, da wani kottu da ake daddatsa gurasa a kan faranti mai zafi a haɗa da ƙwai ko nama. In ka iya cin yajin tsire, ba za ka sha wuya ba.

In za ku shiga wurin ibadarsu, a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa. Kada ka juya wa mutum-mutumin Buda baya don ɗaukar hoto, babban laifi ne a wurinsu, an taɓa kama baƙi a kan raina shi. In ba ka son shiga, ka jira a waje, ba wanda zai tilasta ka.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan tafiyar ba ta maza kaɗai ba ce. Akwai kayan motsa jiki masu rufe jiki, da ɗan ƙaramin hijabi da ke shiga ƙarƙashin hular kwano. Abin kiyayewa shi ne duk wani mayafi ko siket mai jan ƙasa, don kaca ko taya na iya kama shi.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi

Kuɗin irin wannan hutun yakan kai dubban daloli, ban da tikitin jirgi, ban da biza, ban da inshora. Ka buga da canjin yau ka gani. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa jarinka ko kuɗin makaranta don hoto. Mai fasfon Najeriya kuma sai ya nemi biza tun yana gida, ba a filin jirgi ake ba shi ba, don haka ka tabbatar da sharuɗɗan daga ofishin jakadancinsu, ba daga bakin wani ejan na WhatsApp ba.

In Allah Ya hore maka, ka tambayi kamfani: yana da rajista da hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar? Kilomita nawa a rana, kuma hawan mita nawa? Mutum nawa ne a ayari, jagora nawa? Motar rakiya na bin ku kullum? Wa zai biya asibiti in an faɗi? Akwai keke mai batir ga wanda bai shirya wa duwatsu ba? Wanda ya kasa ba ka amsa a rubuce, ka riƙe kuɗinka. Ka duba lokaci ma: ga kudu da yamma da duwatsun tsakiya, Disamba zuwa Maris ya fi, don daga Mayu zuwa Satumba damina ce a can, kuma ƙasa kan zaftare a hanyoyin dutse.

Sai babban abin da kuɗi ba ya saya, wato ƙafa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai son tuƙa kilomita 70 yau ya tashi gobe ya sake, sai ya yi aƙalla wata uku yana atisaye. A fara da kilomita 10, a riƙa ƙarawa duk mako, a saba da fita kwana biyu a jere, a nemi wando mai soso don sirdi ba ya tausayin kowa.

Kuma wannan ɓangaren ba ya buƙatar biza. Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, ka ari keken ƙaninka, ka kai wa mai faci ya duba birki ya ba taya iska, ka cika gora biyu da ruwa, ka nemo aboki ɗaya ko biyu. Ku zaɓi hanyar da kuka san tana da aminci, ku gaya wa na gida inda za ku da lokacin dawowa. Ku je ƙauyen da kullum kuke wucewa a mota ba ku taɓa tsayawa ba, ku sha fura, ku gaisa da mutane, ku juyo kafin rana ta yi zafi. In kun dawo, ku rubuto mana kilomita nawa kuka yi da abin da kuka gani a hanya.